Wayar Da Ke Cikin Jitar Manasseh

Shafi na 23

Masu aiko mini da saƙo cewa na cika tausaya wa Manasseh, da masu cewa na tsane shi tun shafin farko, duk na ji ku. Ku karanta wannan tukuna, sai mu sake magana.

*

Kwana goma sha tara da binne Eli, Liyatu ta kama mijinta yana goge jitar.

Ya ce mata ya bar ta a coci tun ranar da abin ya faru. Ashe tana nan saman wadirof, naɗe cikin tsohon zanen gado. Da safen nan ta fita raka 'yarsu Queen makaranta, ta dawo da wuri saboda hadari, ta tura ƙofar ɗaki ta same shi zaune a bakin gado. Ya kwantar da jitar a cinyarsa, yana bin tsirkiyoyin nan huɗu da farin ƙyalle ɗaya bayan ɗaya, da irin lallashin da bai taɓa share wa Queen majina da shi ba.

Jitar bas ce, baƙa, mai kaurin murya. Shekara tara tana hannun Manasseh, shugaban makaɗan cocinsu, kuma ba ya barin kowa ya taɓa ta sai Eli. Eli ƙanen Liyatu ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi kaɗai ne namiji a gidansu. Ranar wata Asabar ana gwajin waƙa a sabon zauren coci, ruwan sama ya jiƙa masa takalmi ya cire su, ya tsaya a kan danshin siminti ya rataya jitar nan. Yana ɗora yatsu a kan tsirkiya wuta ta riƙe shi. Shekararsa ashirin da shida.

Kwamitin coci ya zauna ya ce laifin mai wayarin ne. Bakari ke nan, wanda ya ja wa sabon zauren wuta sati biyu kafin nan. Matasa suka same shi a shago suka karya masa hannun dama kafin 'yan sanda su ƙwace shi, kuma tun ranar yana tsare. Yau da ƙarfe huɗu mahaifin Liyatu, Baba Absalom, zai je ya sa hannu a tura maganar kotu. Babban mai shaida shi ne Manasseh, domin shi ya ce ya ga tartsatsi yana fita daga soket.

Liyatu ba ta yi faɗa ba. Ta dube shi, ya dube ta, ya yi tari ya ce ƙura ce yake karkaɗewa kawai. Ta ce to. Ta zuba masa shayi, ta jira ya tafi ofis, sannan ta taka kujera ta sauko da abar, ta tare Keke mai ƙafa uku a bakin unguwarsu ta Shagari Low Cost.

Ba ta son ganinta, shi ke nan. Abin da ɗan'uwanta ya mutu yana rungume da shi ba zai sake kwana a ɗakin aurenta ba.

*

Shagon Tahir yana bayan kasuwar Jimeta, tsakanin mai ɗinkin kujeru da mai sayar da tsofaffin fankoki. Ɗan Barno ne, shekara ashirin yana gyaran kayan sauti, na masallaci da na coci da na masu biki, duk hannunsa ke bi ta kansu. Ya tashi ya karɓe ta da jam na, gaisuwar Fulatanci, ya sake yi mata gaisuwar rashi, ya goge mata benci. Ta ajiye kayan a kan teburinsa ta ce ba sayarwa ta zo yi ba, ya ba duk wanda ya ga dama, in ma itacen girki zai yi da ita shi ya sani.

Ya warware zanen. Yana ganin abin da ke ciki ya janye hannu.

"Madam, wannan jita ɗin na Oga Manasseh ne ai."

"Nasa ne."

"Ya san kin kawo?"

"Zai sani."

Tahir ya shafa gemu. Can ya ce ba zai iya ba wa kowa ita ba sai ya duba wani abu, ta yi haƙuri ta zauna minti biyar. Ya kife jitar, ya ɗauki sukundireba ya kwance murfin baya. Ya haska ciki da fitilar wayarsa. Liyatu ta ga kafaɗunsa sun sauka, ta ji ya ja salati a hankali, irin wanda mutum ke ja in abin da yake gudu ya tabbata.

Ta tambaye shi mene ne. Ya ce babu komai. Ta ce in babu komai ya dube ta ya faɗa. Bai iya ba.

Sai ya juyo da jitar ya fara nuna mata da bakin sukundireba, yana magana a hankali yadda ake yi wa marar lafiya bayani. Baƙaƙen abubuwan nan biyu da ke kwance ƙarƙashin tsirkiya, fikof ake ce musu, su ne kunnen jita, su ke ɗaukar sauti su aika wa amfilifaya. Da guda ɗaya jitar ta zo daga kamfani, mai faɗin nan, mai aiki da batir, kuma irinsa ba ruwansa da tsirkiya, ba a haɗa ta da komai ba. Bara Manasseh ya ce sautin ya yi masa nauyi, yana so ya ƙara masa kaifi. Ya sayo siririn nan na gwanjo wanda ba ya cin batir, ya fafe katakon da kansa ya dasa shi. To biyun ba jinsi ɗaya ba ne. Da aka haɗa su sai jitar ta kama ƙugi, zuuu, ko ba a taɓa ta ba.

"Ya kawo mini nan," in ji Tahir. "Na ce masa Oga, ka zaɓi ɗaya ka cire ɗaya, ko ka bari in nemo maka abin da ake haɗa su da shi. Ya ce ba zai jira ba."

Ya sa bakin sukundireban ya ɗago wata siririyar jar waya. An liƙa ta da dalma, liƙi mai kauri irin na wanda ba sana'arsa ba. Ta bi ta wani rami ta tafi har ƙarƙashin ƙarfen da ke riƙe da tsirkiyoyin.

Wannan, ya ce, ba ta zo da jitar ba. Manasseh ne ya ja ta don ya kashe ƙugin. Ita kaɗai ba ta kisa, jita da yawa suna da irinta. Amma Manasseh yana da tsohuwar amfilifaya wadda Tahir ya auna da mita tun bara ya gaya masa tana yoyon wuta a jikinta. Kuma da ƙugin ya ƙi mutuwa gaba ɗaya, sai ya kama fulogin amfilifayar ya karye masa ƙafa ta uku.

"Ƙafa na ukun nan, Madam, shi ne hanyar da wuta yake bi ya gudu ƙasa in ya ɓalle. Ya toshe wannan hanya. Ya kuma buɗe masa sabo, daga amfilifaya har yatsan mai kaɗawa."

Liyatu ta dafa tebur.

"Wayarin ɗin Bakari fa?"

"Ni ban ga wayarin ba, ba zan rantse ba. Amma ko Bakari ya ja wuta da zinariya, wannan haɗin zai kama mutum in ƙafarsa na kan ruwa."

Ta tambaye shi don me ya yi shiru kwana goma sha tara, mutum yana kulle da karyayyen hannu. Tahir ya sunkuyar da kai. Ya ce ranar sadakar uku, ko me Kiristoci suke ce mata, ya je gidan makoki ya ja Manasseh gefe ya tambaye shi, Manasseh ya rantse masa ya cire wayar tun da daɗewa, ya kuma canja fulogi. Ya yarda, don yana son ya yarda. Ban da haka, ta duba da kanta: shi Musulmi, Bakari Musulmi, yaro ya mutu a coci, matasa sun riga sun ɗauki zafi. In ya buɗe baki ba hujja a hannu, cewa za a yi ɗan'uwansa yake karewa, kuma garin nan ta san yadda ƙaramar magana take zama babba.

"Na ji kunya, Madam. Amma yanzu kin gani da idonki."

Ya so ya mayar da murfin. Ta ce ya bar shi a buɗe.

*

Ƙarfe uku da kwata Manasseh ya shigo gida. Ya sha farar riga da taye saboda zuwa wurin 'yan sanda. Ya tarar da jitar kife a kan teburin falo, cikinta a waje, ƙananan sukurori huɗu a jere cikin faranti. Liyatu tana zaune a kujerar da ke kallon ƙofa, hannuwanta a cinya.

Abin da ba za ta taɓa mantawa ba shi ne inda idonsa ya fara sauka. Bai kalle ta ba. Jitar ya nufa, ya sa yatsa ya shafa gefen murfin inda sukundireba ya ɗan karce fenti.

"Wa ya buɗe ta?"

"Tahir."

"Maman Queen, wa ya ba ki izinin..."

"Manasseh."

Shekara takwas da aurensu ba ta taɓa kiran sunansa tsirara ba. Baban Queen take cewa, kafin a haifi Queen kuma Hamma take ce masa, wato yaya, yadda Eli yake faɗa. Ya juyo ya kalle ta.

"Ranar da Eli ya faɗi, wa ya kai shi asibiti?"

"'Yan ƙungiya. Kin sani ai."

"Kai fa?"

"Na tsaya rufe kaya."

"Ni daga nan Shagari na taso da aka kira ni. Na tsaya neman Keke a cikin ruwa. Duk da haka na riga ka isa asibiti, kai da kake wurin. Ka shigo wandonka jiƙe da laka har gwiwa. Babu laka a harabar coci, an zuba tsakuwa."

Ya ce ba ya son tuna ranar nan. Ya ce baƙin ciki ne yake sa ta zargin kowa, kuma Tahir mai gyaran rediyo ne ba injiniya ba, bai kamata ta kai sirrin gida kasuwa ba. Ya yi ta magana, yana sassauta taye yana ƙara ɗaure shi. Ta bar shi ya gama. Ramin ƙarya dai ƙurarre ne, kuma ta ga ya kusa kai ƙarshen nasa.

"Ina amfilifayar?"

"Tana coci."

"Haka ka ce mini jitar ma tana coci."

Ya zauna a hannun kujera, ya rufe fuska da tafukansa, maganar ta fara fitowa a guntule. Da aka fizge Eli aka yi waje da shi, kowa ya bi, shi kaɗai ya rage a zauren. Ya dubi fulogin nan mai ƙafa biyu a jikin bango, nan take ya san abin da ya faru. Bai yi shawara ba, in ji shi, jikinsa ne kawai ya yi aiki. Ya zare fulogin, ya kinkimi amfilifayar da jitar ya fita ta ƙofar baya, ya tare Keke ya ce a kai shi gada. Kogi ya cika ya batse. Ya sauka ta gefe inda ba mutane, ya shiga laka, ya wurga amfilifayar.

"Lokacin ƙanena yana kan gadon asibiti ana danna masa ƙirji."

"Ban san zai mutu ba."

"Da ka san zai rayu ai ba ka je kogi ba."

Ta ji hawaye na zubo mata amma muryarta ba ta yi rawa ba, kuma wannan ya ba ta tsoro fiye da kukan. Ta tsane shi a lokacin nan, tsana ta gaske, irin wadda ba ta san tana da ita a cikinta ba. Kuma duk da haka mijinta ne, tana ganin inda ta ɗinke masa maɓallin rigar nan shekaranjiya.

"Eli ya san da wayar?"

Ya girgiza kai. Sannan ya faɗi abin da ba ta tambaye shi ba, wataƙila don ya gaji da riƙe shi. Lahadin da ta wuce kafin abin, bayan sujadar coci, Eli ya same shi yana yarfe hannu yana dariya, ya ce, Hamma, jitar nan fa ta fara cizo. Shi kuma ya ce masa ya riƙa sa takalmin roba, bayan bikin godiyar kaka zai duba ta.

Liyatu ta tashi tsaye, ta sake zama. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a gidan nan wani ya ja, wasu biyu ruwan ya doka, ɗaya yana kabari ɗaya yana bayan kantar 'yan sanda.

"Ka jefa amfilifaya. Me ya hana ka jefa wannan?"

"Na ɗaga ta."

"Sai me?"

"Na kasa."

"To kwana goma sha tara tana saman kanmu. Almakashi kawai za ka sa ka datse wayar, da ko Tahir bai ga komai ba. Me ya hana ka?"

Ya dubi jitar. Ya daɗe yana dubanta.

"Shekara guda na yi ina neman sautin nan, Maman Queen."

Yana faɗa ya ji abin da ya faɗa. Ya miƙo hannu zai kama nata, ta janye kamar ta taɓa garwashi.

Daga nan ya koma roƙo. Ya durƙusa a kan tayil da farar rigarsa. Ya ce Bakari yana da dangi, za su tsaya masa, kotu ba za ta samu hujja ba, wata biyu ko uku za a sake shi. Amma in shi ya yi magana fa? Baba yana da hawan jini, ba zai kai gobe ba. Matasan da suka karya Bakari gidan nan za su zo. Aikinsa zai tafi. Queen za ta girma ana nuna ta ana cewa ubanta ne ya kashe kawunta. Ya ce ta tuna alkawarin da suka yi a gaban bagaden coci, cikin daɗi da cikin wuya.

Kuma ba ƙarya yake yi ba, wannan ne ya fi ci mata rai. Duk abin da ya lissafa zai iya faruwa. Amma ita tana wucewa ta gaban ofishin 'yan sandan nan in za ta gidansu a Nassarawo, kuma kullum tana ganin matar Bakari zaune a gindin bango da kular abinci da goyo a baya. Jiya ma matar ta taso ta durƙusa ta yi mata gaisuwar rashi, ita kuwa ta kau da kai ta wuce.

"Hannun dama aka karya masa," ta ce. "Mai wayarin ne, Manasseh. Da me zai ci abinci?"

Kafin ya amsa suka ji tsayuwar Keke a ƙofar gida, sai ƙarar sanda a kan siminti, ƙwas, ƙwas. Manasseh ya zabura ya miƙe, ya karkaɗe gwiwa, ya ja zanen gadon ya lulluɓe jitar.

Baba Absalom ya shigo a hankali. Tsohon hedimasta ne, shekara talatin da biyar yana koyarwa, bai taɓa zuwa ko'ina a makare ba. Ya sa baƙar kwat ɗin da ya sa ranar jana'iza, ta yi masa yawa yanzu. Fayil yana hammatarsa. Liyatu ta durƙusa ta gaishe shi, ya dafa kanta, ya ga idonta ya ce kuka ya isa haka, Ubangiji ne ya bayar, shi ya karɓa.

Bai zauna ba, ya ce mai Keke yana jira. Amma ya tsaya ya gaya musu cewa da safen nan dangin Bakari sun sake zuwa gidansa, da limaminsu da mai unguwa, tsofaffi sa'anninsa suka zauna a ƙasa suna ba shi haƙuri. Ya ce zuciyarsa ta karye. Ya shiga ɗaki ya yi addu'a, har ya ɗauki waya zai kira ɗan sandan ya ce ya janye.

"Sai na tuna maganarka, ɗana. Ka ce ka ga wuta yana fita daga soket ɗin da idonka. In na yafe, gobe zai je ya yi wa wani irin wannan aiki, ɗan wani ya mutu. Da ba don kai ka gani ba, da yau yaron nan ya kwana a gidansa."

Ya ɗora hannu a kafaɗar Manasseh.

"Kai kaɗai ka rage mini ɗa namiji. Mu je ka faɗa musu gaskiya, mu gama da wannan abu."

Liyatu ta dubi mijinta. Ta ba shi dama, Allah ya sani ta ba shi. Ta ƙirga numfashinsa uku tana jira ya buɗe baki.

Manasseh ya gyara taye. Ya karɓi fayil ɗin daga hannun tsohon.

"Mu je, Baba."

Ba ta san lokacin da ta isa ƙofa ba. Ta juyo ta fuskance su, ta jingina bayanta da ƙyauren, ta murza makulli ta zare shi.

"Liyatu, mene ne haka?" in ji Baba.

"Baba, ka sallami mai Keken nan ka zauna."

"Maman Queen," Manasseh ya ce, muryarsa can ƙasa, "ki tuna da Queen."

Ba ta kalle shi ba. Mahaifinta take kallo.

"Ka ɗaga zanen can da ke kan tebur, Baba. In ka gama gani, ka tambayi ɗan naka inda ya je da amfilifaya lokacin da Eli yake mutuwa."